La'adar dillalan gidaje a Amurka: abin da ya sauya a 2024

Shekara da shekaru a Amurka, mai sayar da gida ne ke biyan la'adar dillalai biyu, nasa da na mai saye, yawanci kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Gidan dala 400,000 ke nan yakan ci la'adar dala 20,000 zuwa 24,000.

A Oktoban 2023, wata kotun tarayya a jihar Missouri ta samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, NAR, da hannu a haɗa baki don hana la'adar sauka. A Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 a sasanta, sabbin ƙa'idoji suka fara aiki ranar 17 ga Agusta.

Yanzu an hana rubuta la'adar dillalin mai saye a rumbun tallan gidaje na dillalai. Kafin dillali ya kai mai saye duba gida, sai sun sa hannu a takardar da ta fayyace nawa za a biya shi. Mai sayarwa na iya ɗaukar nauyin kuɗin, amma sai an yi ciniki. In ya ƙi, mai saye ne zai biya daga aljihunsa, abin da ya fi takura masu sayen gidansu na farko.