Dalar Freytag da ranar da Ruwan Bagaja ya ƙi hawanta

Rubutun yau da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri, musamman 'yan'uwana 'yan Arewa masu karatun adabi da wasan kwaikwayo a nan Kudu.

Semistar da ta wuce malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya ɗauko labarin da ya tashi da shi, ya ɗora shi a kan dalar Freytag, ya zo ya yi bayani gaban aji. Kun dai san ta, zanen nan mai kama da tsauni: gabatarwa, hawa, ƙololuwa, gangara, sai ƙarshe. Abokina Bayarabe ya ɗauki The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi, kafin la'asar ya gama. Ni kuwa, ni kaɗai ne Bahaushe a ajin, na ce ai sai Ruwan Bagaja. Kwana uku ina juya littafin nan, ya ƙi zama. Ina ƙololuwar? Alhaji Imam ya shiga wannan gari, ya yi wa Malam Zurƙe tsiya, Zurƙe ya rama a gari na gaba, haka dai. Wallahi har na rubuta cewa zubin littafin yana da rauni. Sai na tuna zan karanta wannan jimlar ne gaban mutanen da ba su taɓa buɗe littafin Hausa ba, kuma abin da za su riƙe ke nan. Na ce tsaya, kafin in ce hatsina bai cika ba, bari in san wa ya ƙera mudun.

Abin ya faro daga Girka. Aristotal, wanda ya mutu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi nazarin wasannin ban tausayi da ake yi a Atina. Ya lissafa sassa shida, ya sa zubi a gaba da komai, har gaba da halayen taurari. A wurinsa labari yana da fari, tsakiya da ƙarshe, kuma aiki biyu ne ke cikinsa: ƙulli da kwancewa. Misalin da ya fi so shi ne wasan Sofokilis na sarki Edifus, wanda ya kashe ubansa bai sani ba. Wannan wasan ne Ola Rotimi ya mayar ƙasar Yarbawa a 1968, to kun ga dalilin da aikin abokina ya zo masa da sauƙi. Aristotal ɗin nan kuma ya raina labarin da aukuwa ke bin aukuwa ba tare da ɗaya ta haifi ɗaya ba. Ashe hukuncinsa na kwafa ban sani ba.

Ga wurin da ya fi ba ni mamaki. A ƙarni na 10, a Bagadaza, Abu Bishir Matta ya fassara littafin zuwa Larabci. Da yake Larabawan lokacin ba su da dandalin wasa irin na Girkawa, sai ya fassara wasan ban tausayi da madahu, na ban dariya da hija'i, wato yabo da zambo. A kan wannan fahimta Ibn Rushd na Kurɗuba ya yi sharhinsa, yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa, kuma aka mayar da sharhin Latin a Toledo a 1256. Ke nan tun da can kowa da adabin gidansu yake karanta Aristotal.

Shi kuwa mai dalar, Gustav Freytag, marubucin Jamus ne. A 1863 ya fitar da littafi kan dabarun wasan kwaikwayo, bayan ya duba wasannin Girkawa, na Shakespeare da na Jamusawa 'yan'uwansa. Wasa mai kashi biyar yake magana a kai, ƙololuwarsa a tsakiya take, kuma kashin ƙarshe a wurinsa halaka ce, galibi mutuwar tauraro. Daga baya aka sassauta shi a azuzuwa aka koma cewa warwarewa, aka ɗora shi a kan kowane irin labari. 'Yan fim ma suka samu nasu a 1979, da Syd Field ya raba rubutun fim gida uku: rubu'i na shimfiɗa, rabi na gwagwarmaya, rubu'i na kammalawa.

Wanda ya cece ni mutumin Rasha ne, Vladimir Propp. A 1928 ya ɗauki tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya nuna cewa ayyuka 31 ne suke ta maimaituwa: a rasa wani abu, jarumi ya bar gida, ya gamu da mai taimako, ya samo abin, ya dawo. Kai, da na karanta wannan sai na miƙe zaune a kan gado. Ɗan sarki ba lafiya, an kunyata liman a fada don ya ce ruwan Bagaja ne magani, Alhaji Imam ya fita nema, ya samo, ya komo. Zubin fita da komowa ne, kuma yana nan daram tun shafin farko. Rigimarsa da Zurƙe kuwa, kowace da ɗan ƙullinta da kwancewarta, irin hirar da ake yi wa masu sauraro a zaune. Kar a manta, a littafin ma baki da baki Alhaji yake ba da labarin.

Sai na koma kan gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Cikin biyar ɗin nan, Jiki Magayi na John Tafida da East ne ya fi hawa dalar: attajiri ya ƙwace wa Abubakar Zainab, Abubakar ya nemo asirin ramuwa, ɗan da aka haifa ya lalace har ya kashe ubansa bai gane shi ba. Abu ɗaya na haifar ɗaya har halaka. Gasa ɗaya, shekara ɗaya, zubi iri biyu.

Ranar bayani na zana dalar a allo na ɗora Jiki Magayi, a gefenta na zana da'ira na ɗora Ruwan Bagaja. Wata 'yar ajinmu Inyamura ta ɗaga hannu ta ce tatsuniyoyin kunkuru na garinsu ma sun ƙi hawa dalar, ta yi ta matsa su ne don maki.

Ƙannena 'yan aji ɗaya, ku haddace sassa biyar ɗin nan, za su fito a jarabawa, kuma suna da amfani in za ku rubuta wasan ranar al'adu. Amma in labarin gida ya ƙi zama a kansu, ku fara tambayar wane irin labari aka yi zanen dominsa kafin ku yanke masa hukunci. Yanzu Ganɗoki nake gwadawa. Wanda ke da kwafi mai cikakkun shafuka ya ara mini, nawa bango ya cinye ƙarshensa.