Launi, Jiki da Al'ada: Tarihin Wata Muhawara

Tambayarmu ta yau tsohuwa ce: shin duniya guda ce ga dukan 'yan'adam, ko kuwa kowace al'umma da tata?

A farkon ƙarni na 20, Franz Boas da almajiransa a Amurka suka koyar da cewa ba a auna wata al'ada da mudun wata. Daga baya Benjamin Lee Whorf ya ƙara da cewa harshe shi ke tsara tunani. Masu wannan ra'ayi suka riƙi launi hujja, suka ce kowane harshe yana yanka bakan gizo yadda ya ga dama.

A 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka ƙalubalance su, suka ce tushen sunayen launi a harsuna bai wuce 11 ba. Sa'an nan Eleanor Rosch ta binciki Dani, mutanen tsibirin Niyu Gini, masu irin waɗannan sunaye 2 kacal. Ta ba da rahoton cewa tsantsar launi, kamar ja wur, ta fi saurin zama musu a ka.

Wannan Rosch ɗin ce, tare da Francisco Varela ɗan ƙasar Chile da Evan Thompson, suka wallafa The Embodied Mind a 1991, littafin da ya kafa mazhabar da za mu kira "sani a aikace". Manufarta ita ce, hankali ba madubi ba ne. Ma'amalar jiki da muhalli ke haifar da abin da ake gani. Sun kafa hujja da gwajin Held da Hein na 1963, inda aka reni 'yan kyanwa cikin duhu, ana fito da su haske bibbiyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na cikin kwando. Abu guda suka kalla, amma mai tafiyar kaɗai ta koyi gane zurfi.

Saboda haka al'ada tana horar da ido. Marinin Ƙofar Mata a Kano yana rarrabe shuɗin da ni da ku za mu ce ɗaya ne. Amma ido da ƙwaƙwalwa iri guda ne gare mu duka, kuma baba ba ya sauya halinsa domin harshen marini. Wanda ya zauna bakin karofi zai koya.

Ma'aikaci a ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ya lura da wannan. In da kowace al'ada kulle take a ɗakinta, da fassara da shari'a tsakanin ƙabilu ba su yiwu ba. Bambancin da aiki ya haifar, yin aiki tare yana iya rage shi.