Tarihin Kitsen Jini Da Yadda A Ke Gadonsa

Yau za mu ba ku tarihin wani irin kitse da ke cikin jini, wanda likitoci su ke kira kolestarol. Kowa yana da shi, gama hanta ce ke yin mafi yawansa. Amma ƙwai da man shanu da kitsen nama suna ƙara shi. In ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a hanyoyin jini, har wata rana ya toshe wadda ke ciyad da zuciya.

Cikin 1913 wani likita a Rasha, sunansa Anichkov, ya riƙa ba zomaye wannan kitse cikin abinci, sai hanyoyin jininsu suka lalace. Da aka gwada da karnuka da ɓeraye, abin bai kama su haka ba. Ashe ba kowane jiki ke karɓar kitse iri ɗaya ba.

To, mutane fa? Cikin 1938 Likita Carl Müller na ƙasar Norway ya lura da waɗansu gidaje inda iyaye da 'ya'ya duk jininsu ya cika da kitsen nan, kuma ciwon zuciya yana kama su da wuri. Ya ce abin gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada ku ce wannan ciwon tsofaffi ne. Cikin 1953 likitocin sojan Amurka suka ba da labarin gawawwakin soja 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, galibinsu samari masu wajen shekara 22. Fiye da kashi uku cikin huɗu, lalacewar nan ta riga ta soma a hanyoyin jinin zuciyarsu.

Wajen 1974 Brown da Goldstein na Amurka suka gano asirin gidajen nan. Akwai waɗansu 'yan ƙofofi a jikin hanta masu tsame kitse daga jini. Wanda ya gaji ciwon, rabin ƙofofinsa ba su aiki. An ba su lambar Nobel cikin 1985. Wajen mutum 1 cikin 300 ke da wannan gado, kuma kowane ɗa da ya haifa, ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne.

Bayan 1980 masana a Holan suka ciyad da mutane ƙwai, suna auna jininsu. Na waɗansu ya hau ƙwarai, na waɗansu kuwa da ƙyar ya motsa. Akwai ma gado mai amfani. Cikin 2006 aka nuna wajen mutum 2 cikin 100 na baƙar fatar Amurka sun gaji halittar da ke rage musu kitsen jini, ciwon zuciya kuwa bai cika kama su ba.

Amma gado ba shi kaɗai ke aiki ba. Cikin 2001 aka auna Fulani makiyaya a ƙasar Jos. Suna shan nono da man shanu, duk da haka kitsen jininsu bai yi yawa ba, gama suna yawan tafiya, ba su da ƙiba. Saurayin da ya koma birni ya zauna wuri ɗaya kada ya dogara da wannan.

Saboda haka kada ka ce wane yana cin kitse bai ga kome ba. Jininka dabam, nasa dabam. In ubanka ko wanka ya yi ciwon zuciya tun bai kai shekara 55 ba, ko ka ga ƙulluwa a agararka, ko rawayan tabo a fatar idonka, gaya wa malamin ɗakin shan magani, ya aika da kai babban asibiti a auna jininka. Ramamme ma yana iya samunsa. Tun 1987 akwai ƙwayar magani mai rage kitsen nan, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya shi ya fi cin moriyarta. Rage kitse, bar taba, riƙa motsa jiki.