Tarihin Illo Ba a Hannun Mutum Ɗaya Yake Ba

Baƙon da ya nufi bakin iyakar Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, zai iya wuce Illo bai san cewa ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Borgu guda uku ya wuce ba. Sauran biyun su ne Busa da Nikki. Tsohuwar Busa ruwan madatsar Kainji ya cinye ta a 1968. Nikki tana cikin Jamhuriyar Benin. Illo kuwa tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi. Yadda ƙasar ta rabu, haka labarinta ya rabu: wani yana bakin dattawa, wani cikin Larabcin malamai, wani a fayil-fayil ɗin Turawa a Kaduna, wani da Faransanci a Porto Novo. Ni malamin tarihi ne a sakandare a wannan yanki, kuma na daɗe da ganewa cewa samun labarin Illo ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce ajiye shi ba tare da ya cakuɗe ba.

Dabarar da nake bi, a zauren wani tsohon malami na Zagga na fara ganinta. Littattafansa warƙa-warƙa ne cikin gafaka, ba ɗinki, kuma a ƙasan warƙa an rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta. Ya buɗe mini wani littafin Malam Abdullahi na Gwandu, ya aza yatsa a kan layi. "Duba nan, ɗana," in ji shi. Mawallafin ya ambaci sunan malamin da zai ɗauko maganarsa, ya kawo ta, a inda ta ƙare ya sa "intaha". Sai ya ce "ƙultu", daga nan kuma maganarsa ce. Ba ka taɓa rasa sanin wa ke magana.

Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, gwanin wannan aiki ne. Tafsirinsa Diya'ut Ta'wil daga tafsirai da dama ya tattaro shi, ciki har da Jalalaini da Baidawi. A Ida'un Nusukh kuma ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Abin da ake koya wa ɗaliban jami'a yau da sunan tsarin bincike, mutanen nan sun rayu a cikinsa shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma yana damuna ƙwarai cewa 'ya'yanmu ba su san nasu ne ba.

Saboda haka nake ba kowace magana falle ɗaya. A sama in rubuta wanda ya faɗa, da garinsu, da wanda shi ya ji a wurinsa. Ra'ayina da jan biro yake, a gefe. Ba na tara fallayen bisa inda na samo su. Bisa tambaya nake tara su: wa ya kafa garin, ta ina fatake ke bi, yaya iyaka ta zo.

Tarin farko shi ne ya fi kauri, kuma shi ya fi zafi. Labarin da aka fi sani na Kisra ne, wanda aka ce ya baro gabas da jama'arsa, suka ƙetare kogin Kwara a wajejen Illo, zuriyarsa ta kafa sarautu uku: Woru a Busa, Sabi a Nikki, Biyo a Illo. Amma a ƙasar Borgu waɗannan sunaye ne na jerin haihuwa, ɗan fari da na biyu da na uku, kuma har gobe ana raɗa su. Ashe labarin yana faɗin wane ne yaya, wane ne ƙane a tsakanin gidajen, kuma ruwayar da ta sa Busa a gaba ita ce Busa ta fi riƙewa. A Nikki, mai ba da labari ƙarfin garinsu da yawan dawakinsa yake fara ambata. Kyangawa su kuma cewa suke yi tun kafin zuwan waɗannan duka su ne a wurin. Wanda ya narka ruwayoyin nan ya fitar da labari ɗaya mai santsi, ya zalunci aƙalla biyu daga cikinsu. Ni nakan bar su kafaɗa da kafaɗa, kowace da sunan mai ita.

Tarin fatauci babu gardama a cikinsa sosai. Illo tana cikin mashigan da ayarin goro ke ƙetare Kwara, daga Kano ko Sakkwato ko Jega, su yanki Borgu su bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Su tafi da kanwa da tufafi da fata, su dawo da goro a kan jakuna.

A tarin iyaka kuwa, takardun Turawa ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, don suna zuwa da kwanan wata da hatimi, sai mutum ya ɗauka babu son rai a ciki. A Nuwamba 1894 Baturen Ingila Lugga ya isa Nikki a madadin kamfanin Royal Niger, bayan 'yan kwanaki hafsan Faransa Decoeur ya iso, kowannensu ya koma gida da takardar yarjejeniya yana cewa Borgu tasa ce. A 1897 sojan Faransa suka zauna a Busa. Duk rahoton da aka rubuta a shekarun nan hujja ake nema da shi, shi ya sa a saman irin wannan falle nake ƙara layi guda: me marubucin ke so a yarda da shi? Rigimar ta ƙare a Paris ranar 14 ga Yuni 1898, inda Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Bayan 'yan shekaru Turawa suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da Gwandu, abin da Busa ta daɗe tana jin zafinsa.

Sai da na baje tarin nan uku a kan tabarma ɗaya na lura da abin da ko ɗaya bai faɗa shi kaɗai ba. Masu ruwayar Kisra, da fatake, da Turawan da suka zauna a Paris, duk a bakin ruwa ɗaya suka tsaya. Yarjejeniyar 1898 ba daga fadar sarki ta auna iyakar ba. Daga Giris ta auna, mashigin jiragen Illo, ta ce layin ya taɓa Kwara mil 10 sama da tsakiyar Giris ɗin. Da wannan awon aka raba dangin da yau wasu ke Lolo wasu ke ƙasar Malanbil, suna zuwa bikin juna da naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan.