Yadda Ake Saita Rajistar Aiki a Manhajar Ajiya ta Bacula

Duk ma'aikatar da ke da kwamfutoci da yawa, banki ce ko asibiti ko jami'a, tana bukatar manhajar da za ta riƙa kwafe bayananta kowane dare tana adanawa a wani wuri daban, don ranar da faifai ya lalace ko aka goge wani abu bisa kuskure. Irin wannan manhaja tana rubuta abin da ta yi a wani kundi: ƙarfe nawa ta fara, fayil nawa ta kwafa, wanne ya gagara. Wannan kundi shi ne rajistar aiki. Mai aiki da kwamfuta mai Faransanci zai ga an rubuta journal, a Turanci kuwa log. Idan ba a saita ta daidai ba, ajiya na iya tsayawa wata da watanni babu wanda ya sani, sai ranar da aka zo neman bayanan.

Za mu ɗauki Bacula a matsayin misali, domin kyauta ce kuma kowa na iya duba cikinta. Kern Sibbald ne ya fara rubuta ta a shekarar 2000, kuma kamfanin Bacula Systems da ke Suwizalan yana sayar da nau'inta na manyan kamfanoni. Bareos, wadda ta samo asali daga Bacula, tana bin kusan wannan tsari.

Bacula kashi-kashi take. Akwai Director, shugaban da ke tsara ayyuka. Akwai File Daemon da ake sakawa a kowace kwamfutar da za a kwafa. Sai Storage Daemon mai rubutawa a faifai ko kaset. Kowanne yana da fayil ɗin saitinsa, kuma a cikin kowanne akwai wani sashe mai suna Messages. Nan ne ake faɗin wane irin saƙo zai tafi ina. A bisa al'ada, ƙananan sassan biyu suna miƙa saƙonninsu ga Director, shi kuma ya raba su. Saboda haka yawancin aikin a fayil ɗin bacula-dir.conf ake yin sa.

Kowane layi a sashen yana ɗauke da inda saƙo zai je da kuma nau'insa. Ga wanda aka fi gani:

append = "/var/log/bacula/bacula.log" = all, !skipped

Ma'anarsa, a ƙara dukkan saƙonni a ƙarshen wannan fayil, ban da na fayilolin da aka tsallake da gangan. Alamar motsin rai tana nufin "ban da". A kula da bambancin append da file: na farko yana ɗorawa a kan abin da ke nan, na biyu yana shafe tsohon rubutu ya sa sabo. Wanda ya sa file a babbar rajistarsa zai wayi gari ba shi da tarihin makon jiya.

Layin catalog = all yana saka saƙonnin cikin rumbun bayanan Bacula, ta yadda daga baya za a buɗe bconsole a rubuta list joblog jobid= tare da lambar aikin, a ga duk abin da ya faru a daren. Sai dai wannan tarihi yana tafiya tare da bayanan aikin. In wa'adin Job Retention ya cika, wanda kwana 180 ne idan ba a sauya shi ba, za a share su tare. Wanda masu binciken kuɗi ke neman tarihin shekara biyu a wurinsa ya san da wannan tun wuri.

Batun imel ne ya fi jawo gardama. Ana iya zaɓar mail, wato a aiko da rahoto bayan kowane aiki, ko mail on error, a aiko sai in an samu matsala. Da yawa sun fi son na biyun don kada akwatinsu ya cika. Ni dai ban yarda a dogara da shi kaɗai ba. Idan wuta ta ɗauke, batir ya ƙare, injin da Director ke kai ya mutu, babu aikin da zai gudana, don haka babu kuskuren da za a aiko. Shirun da mai kula da na'urori ya ɗauka lafiya ce, ashe ba a kwafi komai ba. Ya kamata a bar aƙalla aiki ɗaya da ke aiko da rahoto kowace safiya, a kuma san wanda zai yi cigiya in bai zo ba. Haka nan rahoton da ya ce Backup OK -- with warnings ba a wuce shi da kallo ɗaya. Sau da yawa yana nufin wasu fayiloli ba su shiga ba.

Akwai kuma syslog, wanda ke miƙa saƙon ga rajistar tsarin kwamfutar, daga nan a tura shi wata na'ura daban. Amfaninsa na tsaro ne. Masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa kan nemi ajiyar su lalata ta, su kuma share sawunsu. Rajistar da ke wata na'ura ta fi wuyar kaiwa gare su.

In aiki ya ƙi gudana kuma rajistar yau da kullum ba ta bayyana dalili ba, ana ɗaga matakin bayani daga bconsole da umarnin setdebug level=100 trace=1 dir. Bayanan za su zuba a wani fayil mai ƙarewa da .trace a cikin babban fayil ɗin aiki na manhajar. Yana kumbura da sauri, don haka da zarar an gano matsalar sai a mayar da level=0 trace=0. Ita ma babbar rajistar ba ta rage kanta. Logrotate ne ke yanka ta lokaci-lokaci ya matse tsofaffin. Faifan da rajista ta cika yana iya tsayar da rumbun bayanan da ke kansa, ajiyar ma ta tsaya.

Ga kamfanin da ke da rassa a ƙasashe daban-daban, agogo abin lura ne. Yamai, Kano, Garwa da Njamena lokacinsu ɗaya, amma Accra tana bayansu da awa ɗaya, Khartum kuma tana gabansu da awa ɗaya. Idan ana gwada rajistar reshe da ta hedikwata ba tare da an daidaita agogon na'urorin da NTP ba, kuma ba a tsayar da lokacin da ake rubutu da shi ba, sai a ga kamar kuskure ya riga aikin da ya haife shi. Sannan rajista kan ɗauki sunayen fayiloli, wani lokaci har da sunan majiyyaci ko mai asusu a jikinsu, don haka ba kowane ma'aikaci ake barin ya karanta ta ba.

Bayan kowane gyara, a gwada fayil ɗin saitin da bacula-dir -t kafin a ba da umarnin reload. Daga nan a gudanar da ƙaramin aiki da gangan a kan kwamfutar da aka kashe, a tabbatar saƙon kuskuren ya isa imel, ya shiga fayil, ya kuma bayyana a na'urar syslog.