Auna Juyin Inji: Daga Kwanon Zaiba Zuwa Wayar Hannu

Tun a 1810 Bryan Donkin na Ingila ya bayyana na'urar auna juyin inji: kwano ne mai zaiba, wanda in ya juya da sauri sai zaibar tsakiyarsa ta sauka, a karanta gudun. Daga baya motoci suka samu allura a gaban direba.

A 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci kafar OBD-II, wadda kwamfutar mota ke ba da bayanai ta cikinta. Da Apple ya buɗe App Store a 2008, manhajoji suka shigo. Wasu suna karanta adadin ta wannan kafa, wasu kuwa ƙarar injin suke saurare. Injin mota mai silinda huɗu yakan tashi wuta sau biyu a kowane juyi, saboda haka juyi 3,000 a minti bugu 100 ne a daƙiƙa. Hayaniyar gareji takan rikita wannan lissafi.

A farkon App Store, farashin manhaja mafi ƙanƙanta senti 99 ne, Apple na cire kashi 30 cikin ɗari a lokacin. Sannan aka saba da bayar da manhaja kyauta, a sayar da cikakkiyarta, kamar Torque Lite da Torque Pro. Ga bakanike, manhaja mai karantawa ta OBD-II ta fi aminci.