Daga Ɗakin Ƙasan Coci zuwa Bangon Gilashi: Tarihin Makarantun Kiɗa na Harlem

David Mannes, wanda aka haifa a New York a 1866, ya sha ba da labarin yadda ya sami malaminsa na goge. Yana yaro, ɗan talakawa farar fata, wata rana yana ta fama da gogen Turawa a cikin gida, sai wani mai wucewa ya ji sautin daga waje ya ƙwanƙwasa ƙofa. Baƙon shi ne John Thomas Douglass, baƙar fata, gwanin goge wanda launin fatarsa ya hana shi kujera a manyan ƙungiyoyin makaɗa na birnin. Ya ɗauki yaron ɗalibi, ya koya masa riƙon goge da jan izga. Douglass ya rasu a 1886 ba tare da duniya ta san shi ba, shi kuwa ɗalibin ya girma har ya zama shugaban masu goge a ƙungiyar makaɗa ta New York Symphony.

Alheri danƙo ne, in ji Hausawa. A 1911 Mannes ya haɗa kai da wasu masu hali da wasu makaɗa baƙar fata suka kafa makarantar koyar da kiɗa ga 'ya'yan baƙar fata a New York, ya kuma bayyana cewa bashin malaminsa yake biya. Aka ba David Martin, shi ma mai goge, shugabancinta. Tun ranar farko matsalar kuɗi ta tsaya a bakin ƙofa, domin iyayen yaran 'yan aikatau ne da masu wanki da masu dako, abin da za su iya biya ba zai riƙe malami ba. Don haka a ranar 2 ga Mayu, 1912, James Reese Europe ya kwashi makaɗan ƙungiyarsa ta Clef Club, su wajen 125, ya kai su zauren Carnegie Hall suka yi wasan tara wa makarantar kuɗi. Zauren ya cika maƙil, farar fata da baƙar fata suka zauna kafaɗa da kafaɗa, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1871 ɗaliban Jami'ar Fisk da ke Nashville, waɗanda akasarinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa don ceto jami'arsu daga rushewa, har suka yi wa Sarauniya Victoria waƙa a 1873, kuɗin da suka samo ya gina Jubilee Hall. A Charleston kuma, Rabaran Daniel Jenkins ya buɗe gidan marayu a 1891, ya tara tsofaffin kayan busa da aka ba shi sadaka, yaran suka riƙa kiɗa a titi suna ciyar da gidan. Abin lura shi ne ba gwamnati ce ta ɗauki nauyin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Coci ne, da masu hannu da shuni, da gumin yaran kansu.

Makarantar Mannes ba ta cika shekara goma ba. J. Rosamond Johnson ya karɓi ragamarta a 1914, zuwa 1919 ta rufe. Sai dai irin da ta shuka bai mutu ba. David Martin ya riga ya buɗe tasa makarantar tare da wata gwanar piyano, Helen Elise Smith, wadda a 1916 ta auri R. Nathaniel Dett, malamin kiɗa a Kwalejin Hampton da ke Virginia. A hannun wannan Dett ɗin ne wata yarinya 'yar Norfolk ta koyi waƙa, ita ce kuma za ta zo Harlem, unguwar baƙar fata ta New York, ta ɗora daga inda aka tsaya.

Sunanta Dorothy Maynor, an haife ta a 1910, 'yar limamin coci. Ta shiga Hampton tana 'yar shekara 14, ta yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan makarantar, daga nan ta wuce Westminster Choir College. A 1939 ta sami damar yin waƙa gaban Serge Koussevitzky, jagoran makaɗan Boston Symphony, wanda ya yaba muryarta yabon da ya sa jaridu suka ɗauka. Kafin shekarar ta ƙare ta cika zauren Town Hall na New York. Ta yi waƙa a bukukuwan rantsar da Shugaba Truman a 1949 da Shugaba Eisenhower a 1953. A 1952 ta hau dandalin Constitution Hall na Washington, zauren da aka hana mawaƙiya Marian Anderson a 1939 saboda launin fata. Duk da haka ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa. Ta haddace waƙoƙin opera masu yawa, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, amma a shekarun ganiyarta da wuya babban gidan opera na Amurka ya ɗauki baƙar mace, don haka ba ta taɓa hawa irin wannan dandali ba.

Ta ajiye yawon waƙa a 1963. Shekarar da ta biyo baya ta zo wa Harlem da daɗi da ɗaci a wata guda: a farkon Yulin 1964 aka sa hannu kan dokar haramta wariyar launin fata, makonni biyu bayan haka unguwar ta kama da tarzoma saboda wani ɗan sanda ya harbe yaro baƙar fata ɗan shekara 15. A cikin wannan shekara Maynor ta sauka ɗakin ƙasa na Cocin St. James Presbyterian, inda mijinta Rabaran Shelby Rooks yake limanci, ta tara yara 20 ta fara koya musu piyano. Ita ce malama, ita ce shugaba, ita ce mai neman taimako, wani lokaci ita ce mai shara. Matar da shugabannin ƙasa suka tafa wa ta koma zama kusa da yaro tana gyara masa yatsu a kan piyano, yana kuskure tana cewa a sake. Kuɗin darasi bai taka kara ya karya ba, wanda ba shi da kayan kiɗa kuma a ba shi aro. Wannan ne mafarin Harlem School of the Arts.

Hujjarta a fili take. Kiɗan Turawa abu ne mai cin kuɗi da lokaci: goge ko piyano, malami na kai da kai duk mako, da ɗakin da yaro zai yi atisaye ba tare da maƙwabta sun buga bango ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai fara goge ko rawar bale yana ƙarami ba, da wuya ya cim ma waɗanda suka fara. Saboda haka ba sai an rubuta dokar hana baƙar fata shiga ƙungiyar makaɗa ba. Rashin malami a shekara bakwai ya isa ya rufe ƙofar a shekara ashirin.

A watan Afrilun 1968 aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata. Labarin ya girgiza Arthur Mitchell, ɗan Harlem da ya shiga New York City Ballet a 1955 ya zama baƙar fata na farko cikin manyan 'yan rawarta. Ya yanke shawarar komawa unguwarsu ya koyar, Maynor kuma ta ba shi wuri a makarantarta. Ya fara da yara wajen 30, cikin 'yan watanni suka kai 400. A 1969 ya ware, shi da tsohon malaminsa Karel Shook, suka kafa Dance Theatre of Harlem da kuɗin ajiyarsa da tallafin Gidauniyar Ford, a wani garejin mota da aka gyara. Masu cewa jikin baƙar fata bai dace da bale ba sun sami amsa a 1971, lokacin da ƙungiyar ta yi wasanta na farko a gidan tarihi na Guggenheim.

Ana cikin haka birnin New York ya kusa tsiyacewa a 1975. Aka sallami dubban malaman makarantun gwamnati, na kiɗa da zane suna cikin waɗanda aka fara taɓawa, domin su ake ɗauka ƙawa ba tilas ba. Ɗan mai kuɗi bai ji a jikinsa ba, iyayensa sun ɗaukar masa malami. Ɗan Harlem kuwa sai dai makarantu irin ta Maynor. A wannan shekarar ce kuma Metropolitan Opera, gidan da bai taɓa ba ta dandali ba, ya naɗa ta cikin kwamitin gudanarwarsa, baƙar fata ta farko da ta zauna a wannan kujera. Ta yi amfani da sunanta da sanayyarta ta tara fiye da dala miliyan 2, aka gina wa makarantar mazauninta a titin St. Nicholas, ginin jan bulo da Ulrich Franzen ya zana, mai tsakar gida a ciki, wanda ya juya wa hayaniyar titi baya. Da ta yi ritaya a 1979 ɗalibai sun haura dubu, ana koyar da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane. Ta miƙa ragama ga wata mawaƙiyar, Betty Allen. Maynor ta rasu a 1996. Cikin waɗanda suka ratsa azuzuwan akwai mawaƙi Lenny Kravitz da 'yan fim Giancarlo Esposito da Zazie Beetz da Caleb McLaughlin.

Kafa makaranta wani abu ne, riƙe ta bayan mai ita ta kau wani abu ne dabam. Irin waɗannan cibiyoyi da ba na neman riba ba suna tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: ɗan abin da iyaye ke biya, tallafin hukuma, da kyautar gidauniyoyi da attajirai, waɗanda dokar harajin Amurka ke rage musu haraji gwargwadon abin da suka bayar. Tunda manufar ita ce kada kuɗi ya hana yaro shiga, dutsen farko kullum ƙarami ne, nauyin sai ya koma kan na uku. Makarantun unguwannin masu hali suna da dukiyar ajiya da tsofaffin ɗalibai attajirai. Na Harlem yawanci abin da ya shigo bana shi ake ci bana. A 2004 bashin fiye da dala miliyan 2 ya sa Dance Theatre of Harlem ta dakatar da ƙungiyar 'yan rawarta, ba ta dawo ba sai bayan kimanin shekara takwas, a ƙarƙashin Virginia Johnson, ɗaya daga cikin 'yan rawarta na farko.

Makarantar Maynor ta gamu da nata a watan Afrilun 2010. Karyewar tattalin arzikin 2008 ta ƙafar da kyauta, ga kuma ƙorafi kan yadda ake tafiyar da harkokin kuɗi, sai aka wayi gari babu albashin malamai, aka rufe ƙofa. Iyaye suka tashi da kuka, gwamnatin birni a zamanin Magajin Gari Michael Bloomberg ta shiga tsakani, aka tara dala miliyan 1, aka sauya kwamitin amintattu, bayan makonni uku aka buɗe. Rabin kuɗin ya fito ne daga Herb Alpert, mabushin ƙahon Turawa farar fata na can California, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na A&M, wanda ya ga labarin rufewar a jarida. Shi kansa yana ɗan shekara takwas ya fara ɗaukar ƙaho a ajin kiɗa na makarantar gwamnati, irin ajin da yaran Harlem da yawa suka rasa. A 2012 gidauniyarsa ta ƙara fiye da dala miliyan 5, aka biya bashi aka buɗe asusun tallafin ɗalibai, aka sa wa ginin sunansa.

Wanda ya bi wannan tarihi daga 1911 zai ga abu ɗaya yana maimaituwa. Kowace makaranta mutum ɗaya ne ya kafa ta ko ya cece ta, mutumin da ya tuna wanda ya koya masa, ko ya tuna ƙofar da aka rufe masa. Wannan abin yabo ne, amma a nan ne kuma raunin yake, domin karatun da ya rataya a kan tunawar mutum ɗaya yana iya tsayawa ranar da aka rasa mai tunawa. Makarantar Mannes ta mutu, ta Mitchell ta suma ta farfaɗo, ta Maynor ta kwana makonni uku a rufe. Yaran da ke buƙatarsu kuwa ba su taɓa raguwa ba.

A 2020 aka kammala wani gyara na dala miliyan 9.5, wanda Gidauniyar Alpert ta biya. Babban abin da aka yi shi ne rushe bangon bulon da ke fuskantar titin St. Nicholas, aka maye gurbinsa da gilashi daga ƙasa har sama. Yanzu mai wucewa a ƙafa yana iya hango zauren makarantar da yaran da ke kai da kawo da akwatunan goge a hannu. Douglass da kunne ya gano ɗalibinsa daga titi, shi ne ya ƙwanƙwasa. A Harlem ta yau yaron ne ke tsaye a waje yana leƙe, ƙofar kuma tana gefen gilashin.